Ka ce kana son ka riƙi binciken kaska a matsayin aikin rayuwa

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana ajin ƙarshe a karatun likitan dabbobi nan Samaru, furojet ɗinka a kan kaska aka ba ka kuma abin ya shiga ranka har kana tunanin ka zarce da shi mastas da digirin digirgir, amma abokanka na ta ce maka ka kama harkar kaji ko ka buɗe shagon magani ka huta, wai wa ya taɓa yin arziki da kaska. Kana tambaya ko binciken cututtukan da kaska ke yaɗawa aiki ne da mutum zai riƙe tsawon rayuwarsa, kuma ta ina ake farawa. Toh ka gyara zama don amsar tana da ɗan tsawo, ni a wannan fagen na yi furfura kuma ba ƙaramin daɗi nake ji ba in na ga yaro yana son shigowa.

Eh aiki ne, kuma mai amfani ƙwarai a ƙasa irin tamu da dukiyar mutane da yawa a turke take da garke. Amma tun yanzu ka riƙe abu ɗaya, shi ne ya raba masu binciken da aikinsu ya yi ƙarko da waɗanda suka buga takarda biyu uku aka manta da su. Ba kaskar kaɗai za ka bi ba, dabbar da take sha za ka bi. Ba banza aka yi mata kirari da raɓi mai jini ba. Yawancin ƙwayoyin bakteriyar da kaska ke yaɗawa a jikin wata dabba suke zaune, sau da yawa ma dabbar lafiyarta lau tana kiwonta, ita kaska ɗaukowa ta yi ta kai gaba. In ba ka san a jikin wa ta ɗauko ba kuma a wane wata, to rabin labarin kawai ka sani.

Ɗauki babbar kaskar nan tamu, Amblyomma variegatum, wadda Fulani ke kira koti, namijinta mai zanen ruwan lemo da baƙi a baya, ƙafafu da zoben fari, bakinta dogo in ta kafe a hantsar saniya sai ka yi da gaske kafin ta fita. Dabba uku take sha a rayuwarta. Uwar in ta ƙoshi da jini sai ta saki saniyar ta faɗo ƙasa, ta samu gindin ciyawa ta zuba ƙwai dubbai, har tana iya kaiwa 20,000, daga nan ta mutu. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe ƙafa shida gare su, mitsi-mitsi, su hau ciyawa su jira, duk wanda ya gifta sun samu, zabo ne, bushiya ce, zomo ne, akuya ce ko maraƙi. Su sha 'yan kwanaki su faɗo su yi saɓa su fito da ƙafa takwas, su kuma neman wata dabbar daban, su sha su faɗo su sake saɓa, sannan ne suke zama manya su nemi shanu. A yankinmu manyan da farkon damina suke cika garke, daga Mayu zuwa Yuli za ka ga hantsa da hammata sun yi dam, su kuwa matasan sai da rani lokacin sanyi. Kaga kenan abin da ta sha a jikin akuyar wani a watan Disamba, shi za ta iya zuba wa saniyar wani a watan Yuni, mutanen biyu ba su san juna ba ma.

Wannan tambayar ta a jikin wa ta ɗauko, inda aka fi warware ta daki-daki shi ne a Amurka a kan cutar Lyme, kuma ina so ka karanta labarin ba don muna da irin kaskarsu ba, sai don ka ga yadda ake tunanin. A shekarar 1975 aka lura yara da yawa a garin Lyme na jihar Connecticut suna kumburin gaɓoɓi. Da aka gane kaska ce, irin Ixodes scapularis, kowa sai ya ɗora laifin a kan barewar ƙasarsu tunda a jikinta ake ganin manyan kaskar birjik. Da aka tsananta bincike sai aka ga barewar ciyar da kaskar kawai take yi tana sa ta yawaita, amma ba ta ba ta ƙwayar cutar. 'Ya'yan kaskar da tsabtarsu suke ƙyanƙyashewa, a jikin wani ɗan ɓeran daji mai fararen ƙafafu da wasu ƙananan dabbobi da tsuntsaye suke ɗauka, sai bayan sun yi saɓa su ciji mutum. A California kuma aka samu wani ƙadangare da kaskar ke yawan sha, jininsa kashe ƙwayar cutar yake yi a cikin kaskar. Dabba uku, ɗaya na raba cuta, ɗaya na ƙara yawan kaska, ɗaya na wanke ta. Wanda ya tsaya a kan ƙirga kaska a jikin barewa kawai ba zai taɓa gane wannan ba. Mutane ne suka yi shekaru suna ɗana tarko a daji, suna kama ɓeraye, suna ɗora musu 'ya'yan kaska masu tsabta da aka raina a lab su gani ko za su ɗauka.

Shi kansa wanda ya fara ganin ƙwayar cutar, Willy Burgdorfer, rayuwarsa ita ce amsar tambayarka ta ko aikin yana riƙuwa. An haife shi a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1925, digirinsa na digirgir a kan wata cutar Afirka ya yi, zazzaɓin nan mai tafiya ya dawo da Borrelia duttonii ke kawowa ta hanyar kaska mai laushin jiki, ya feɗe kaska ba adadi yana duban cikinta. A farkon shekarun 1950 ya koma wani ɗakin bincike a ƙaramin garin Hamilton a jihar Montana, ya zauna nan yana ta fiɗar kaska wajen shekara talatin. A 1981 aka aiko masa kaska daga yankin New York, wata ƙwayar daban ma yake nema, sai ya ga wasu siraran abubuwa masu murɗe a hanjin kaskar, ya gane su nan take don irin su ya yi ƙuruciyarsa yana kallo. Aka buga sakamakon a 1982, daga baya aka sa wa ƙwayar sunansa, Borrelia burgdorferi. Yana da shekara 56 lokacin. In kana neman abin da za ka yi suna da shi kafin ka kai talatin, ka sake tunani tun yanzu.

Mu dawo gida. Babbar cutar bakteriya da koti ke kawo wa dabbobinmu ita ce ciwon ruwan zuciya, Ehrlichia ruminantium ke jawo shi, kuma na tabbata kun yi shi a aji amma gani daban yake. Yadda yake zuwa kusan iri ɗaya ne. Mutum ya sayi rago ya turke don sallah, ko ya kawo awaki daga wani wuri, bayan sati biyu zuwa uku da cizon sai jiki ya ɗau zafi ya haura digiri 41, dabbar ta daina cin dusa, tana ɗaga ƙafa sama-sama in tana tafiya, tana tauna ba komai a baki, tana kewaye, can sai ta faɗi ta gefe wuya ya sanƙare baya tana harba ƙafafu kamar mai tuƙa keke, kumfa na fita ta hanci. Mai ita zai ce maka iska ce, ko maciji, ko ta ci guba a bola. In ka buɗe ƙirjin sai ka ga jakar da zuciya ke ciki ta cika da ruwa rawaya-rawaya, huhu ya jiƙe sharkaf. Amma wannan bai isa hujja ba. Sai ka fasa kan ka ɗebo ɗan tsinken ƙwaƙwalwa daga ɓangaren toka-tokar nan na sama, ka sa shi tsakanin gilas biyu ka murje ka ja a hankali yadda siraran jijiyoyin jinin za su miƙe ba su tsinke ba, ka bari ya bushe, ka kafe shi da methanol ka rina da Giemsa. Sai ka zauna gaban maikiroskof kana bin jijiya ɗaya bayan ɗaya, wani lokacin ka daɗe ba ka ga komai ba idonka har ya fara ruwa, sai kwatsam ka ga wani ɗan curi shuɗi-shuɗi mai ɗige-ɗige ya lafe a jikin bangon jijiyar. Shikenan ka kama shi. A duba jinin dabbar tana raye da gilas ba a ganinsa, shi ya sa da yawa ke mutuwa ba a san me ya kashe su ba. Kuma dan Allah duk dabbar da ta mutu da alamun taɓuwar ƙwaƙwalwa ka sa safar hannu da tabarau kafin ka fasa kanta, don cutar haukan kare ma haka take iya zuwa.

Edmund Cowdry ne ya fara ganin ƙwayar a 1925 a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Onderstepoort, Afirka ta Kudu, shi ya sa tsofaffin littattafai ke ce mata Cowdria, sai a 2001 aka sauya sunan. Sai a 1985 ma aka iya raya ta a lab ba a jikin dabba ba, ka duba tazarar, shekara sittin. Abin da nake so ka sani kuma shi ne a nan Zariya an yi aiki mai nauyi a kanta. Marigayi Farfesa Albert Ilemobade a nan Jami'ar Ahmadu Bello ya yi digirin digirgir ɗinsa a kan wannan cutar a shekarun 1970, shi da wani mai bincike ɗan ƙasar Holan, Leeflang, suka buga ayyuka a 1977 a kan cututtukan kaska na dabbobin arewacin Nijeriya waɗanda har yau masu rubutu a fannin ke ambato. Ba su da PCR, wato gwajin gano ƙwayar cuta ta hanyar DNA ɗinta, gilas da Giemsa da sirinji da dabbobin gwaji suke da su. Ka shiga laburare ka nemo su ka karanta kafin ka karanta komai sabo.

To a ina ƙwayar ke ɓuya a nan. A kudancin Afirka an nuna wasu namun daji suna riƙe ta, irin su ɓauna da wasu manyan dangin gada. Mu kuwa da namun dajin suka yi ƙaranci, babban ma'ajinta shanunmu ne da tumaki da awakin da suka kamu suka warke, suna iya yin watanni ƙwayar na jikinsu suna ba duk kaskar da ta sha su. Akwai kuma wani abu da in ba ka fahimce shi ba za ka yi ɓarna da kyakkyawar niyya. Maraƙi a 'yan makonnin farko na haihuwa yana da juriya ta musamman, in koti ta cije shi a lokacin sai ya kamu sama-sama ya warke ya samu garkuwa, kuma cizon da ke biyo baya yana sabunta masa ita. Shi ya sa garken Bunaji zai zauna cikin kaska cutar ba ta cika kwasar su ba. In ka zo ka yi ta feshi har ka share kaskar tas na wani lokaci, maruƙan da aka haifa a lokacin ba su da garkuwa, ranar da kuɗin magani ya ƙare kaska ta dawo sai ka ga manya na faɗuwa. Haka wanda ya zuba miliyoyi ya shigo da shanun Friesian na waje ko awakin Boer ya sake su a ciyawar damina. Don haka shawarar da za ka ba mai Bunaji a ruga daban, ta mai shanun madara a gonar shinge daban. Oxytetracycline, wadda makiyaya suka fi sani da LA, tana aiki in an yi ta da wuri lokacin zazzaɓi, in dabba ta riga ta kwanta tana harbi da wuya ta tashi.

Kirci ma ka sa shi a lissafi duk da ba kaskar ke zuba ƙwayarsa ba. Ƙwayar tasa, Dermatophilus congolensis, a fata take, amma yawun babbar koti yana karya garkuwar jikin saniya sai kircin ya bazu ya ci baya da cinya, nono ya ragu fatar kuma ta tashi daga aiki. Akwai Anaplasma marginale mai shiga jajayen ƙwayoyin jini, saniya ta ɗashe ta yi shawara amma fitsarinta ba ya yin ja, ita wannan ba kaska kaɗai ba har allura ɗaya da aka zagaye garke da ita tana yaɗa ta. Akwai Borrelia anserina a kaji, ta hanyar kaskar nan mai laushi da ke ɓuya a tsagar bangon akurki da rana ta fito da dare. Akwai Ehrlichia canis a karnuka. Kowace ɗaya ta ishi mutum aikin shekaru.

Wani aiki da nake yawan ba ɗalibai misali da shi, na Frédéric Stachurski ne a Burkina Faso. Kallo kawai ya yi da haƙuri, ya gano cewa koti in ta kama saniya a wurin kiwo tsakanin kofato take fara maƙalewa, sai da dare in saniyar ta kwanta sannan ta hau zuwa hantsa da ƙirji. Daga nan aka fito da dabarar gina ɗan kwarmi da ruwan magani shanu su bi ta ciki da yamma in sun dawo kiwo, ƙafa kawai ake jiƙawa, magani kaɗan lokaci kaɗan. Ba wata na'ura mai tsada a ciki.

Ɓangaren da ya fi damuna kuwa na mutane ne. Ita dai kotin nan tana ɗauke da Rickettsia africae, kuma ita wannan uwa na gadar wa ƙwayayenta, wato kaskar kanta ma'aji ce. Wani bincike da aka buga a 2013 a kan kotin da aka cire daga shanu a yankin Filato ya samu alamar ƙwayar a fiye da rabinsu. In ta ciji mutum, bayan kamar mako guda sai zazzaɓi da ciwon kai da ciwon jiki, kaluluwa ta kumbura, wurin cizon ya yi baƙin ɓawo da ja kewaye da shi. Doxycycline ke maganinta, maganin maleriya ba ya taɓa ta. Yanzu ka yi tunanin yaron da ke bin shanu cikin ciyawa tun safe, ko matar da ke tatsa, ko mahaucin da ke fiɗa a kwata, in zazzaɓi ya kama su me ake cewa. Maleriya, in bai sauka ba taifod. Wa ke ɗaga riga ya duba hammata ko matse-matsi ya nemi baƙin tabo. A Senegal, a ƙauyen Dielmo, Jean-François Trape da abokan aikinsa sun bi mutanen ƙauye guda shekara da shekaru suna duba jinin duk wanda ya yi zazzaɓi, suka gano cewa a kowace shekara kusan mutum 11 cikin 100 na kamuwa da zazzaɓi mai dawowa na Borrelia crocidurae. Kaskar da ke kawo shi a ramin ɓera da jaɓa take zaune, ramin da bakinsa ke cikin ɗakin kwana, ta fito da dare ta sha na 'yan mintuna ta koma, mutum bai ma san an cije shi ba. Sai da suka haƙa ramukan suka kama ɓerayen sannan zancen ya haɗu. Irin wannan aikin, likitan dabbobi da likitan mutane su zauna a kan ƙauye ɗaya, shi nake fatan 'yan zamaninku su yi mana, ga asibitin koyarwa a Shika ga tsangayarku a Samaru tafiyar 'yan mintuna.

Yanzu bari in ja maka kunne a kan abin da ya zama yayi. Mutum ya je kasuwar shanu ko kwata rana ɗaya, ya cika kwalba da kaska, ya niƙa ya yi PCR, ya ga layi ya fito, ya rubuta cewa kaska kaza na yaɗa cuta kaza a Zariya. Wannan magana ta fi ƙarfin hujjarsa. Kaskar da ka ciro daga jikin saniya cike take da jinin saniyar, abin da ka gani zai iya zama na jinin ne kawai, ba ya nuna ƙwayar na rayuwa a cikinta balle ta kai yawunta ta ba wata dabbar. Kuma saniyar kasuwa ba ka san daga ina ta taso ba, ƙila daga Nijar ko Chadi. Sannan kaska da yawa suna da wasu bakteriya nasu na gado, dangin Coxiella, da ke iya fitowa a gwaji a ɗauka ƙwayar zazzaɓin Q ce alhali ba ita ba ce, shi kuma zazzaɓin Q ɗin ma yawanci daga ƙurar ruwan haihuwar awaki da tumaki mutane ke shaƙar sa. Ba ina kushe PCR ba ne, ka koye shi sosai, ka koyi karanta jerin DNA don ka tabbatar da abin da ka gani. Amma in kana son maganarka ta tsaya, ka nemi kaskar da ba ta sha ba daga ciyawa, ko ka ajiye wadda ta ƙoshi ta yi saɓa ko ta yi ƙwai sannan ka gwada, kuma ka ɗebi jinin dabbar da ka cire ta a jikinta ka haɗa su biyun.

Aikin ruga kuwa ba a koyar da shi a allo. Kar ka faɗa garken mutum kai tsaye, ta hannun arɗo ake shiga, ka je gaisuwa tukuna ba da sirinji ba. Da an idar da sallar asuba ya kamata ka isa kafin a saki shanu, in ka makara rana ta ɗaga ba mai tsare maka dabba da yunwa. Kar ka tsaya kana nuna shanu da yatsa kana ƙirgawa da ƙarfi, mutane ba su manta da jangali ba. In an kayar maka da saniya da igiya, ka bi ta a tsare, cikin kunne, wuya, hammata, hantsa ko maraina, ƙarƙashin jela, tsakanin kofato, kowane wuri da kwalbarsa. Ka kama kaskar da hantsaki dab da fata ka ja a miƙe, in bakin ya karye a ciki ka bar wa saniyar ƙurji kai kuma ka rasa abin da za ka gane irinta da shi. Ka jefa a ethanol kashi 70, ka rubuta rana da wuri da lambar dabba da fensir a 'yar takarda ka sa a cikin kwalbar, da fensir na ce, biro narkewa yake yi. Ka tambayi yaran gidan yaushe suka yi cirar kaska ta ƙarshe don da hannu suke cire manyan su bar ƙananan, in ba ka tambaya ba lissafinka ya karkace. Ka saurari dattijon da kyau, ya san watan da koti ke fitowa da fadamar da in aka shiga ake kwaso ta. Kuma in sakamako ya fito ka koma ka gaya musu abin da ka samu da abin da za su yi. Masu bincike da yawa sun ɗebi jini sun tafi ba a sake jin ɗuriyarsu ba, shi ya sa ƙofa ke rufewa ga na baya.

Ka kula da kanka. Kar ka fasa kaska da farce, kuma ka hana yaran ruga, don kaskar Hyalomma mai dogayen ƙafafun nan tana iya ɗaukar ƙwayar bairas ta zazzaɓin Crimean-Congo mai sa zubar jini. In aikinka ya kai ga kama ɓeraye ka tuna da Lassa, kar ka taɓa yi ba tare da horo da kayan kariya da izinin kwamitin da'ar bincike ba. Halin tsaro kuma ka san shi, wurin da mutanen gari suka ce kar a je kar ka je.

Maganar karatu da abinci. Digirinka na likitan dabbobi tushe ne mai kyau, bayan bautar ƙasa ka nemi mastas a sashen nazarin ƙwari da tsutsotsin dabbobi ko na lafiyar al'umma, kuma ka zaɓi sufabaiza da kake ganin takalminsa da taɓo, wanda ɗalibansa ke gamawa. Ka koyi gane irin kaska a ƙarƙashin maikiroskof har ka ƙware, masu wannan hannun sun yi ƙaranci ko'ina kuma duk mai PCR yana buƙatarsu. Ka koyi lissafin ƙididdiga da kwamfuta, ka koyi rubutun neman tallafi, in ba ka jin Fulatanci ka fara koyo. Wuraren aiki akwai jami'o'i, akwai cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke tsaye tun 1924, akwai ma'aikatun jihohi da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta tarayya da aka kafa a 2024, akwai manyan gonaki da kamfanonin magani. A waje akwai cibiyoyin bincike irin su ILRI da ICIPE a Nairobi, da CIRDES a Bobo-Dioulasso, da Onderstepoort, kuma masu bincike na Turai kullum suna neman abokin aiki da ya san daji ya san mutane, sai dai ka tabbata an yi yarjejeniya tun farko a kan sunanka a takarda da kuma horon da za ka samu, kar ka zama mai tara musu kwalba kawai. Gaskiya abokanka masu kaji za su riga ka sayen mota. Shekarun farko da wuya, kayan gwaji da dala ake saye, wuta na ɗaukewa firiza ta narke da samfurin shekara guda a ciki, don haka ka riƙa raba samfurinka wuri biyu. Ba laifi ba ne ka riƙe ɗan aikin duba dabbobi a gefe, yana ciyar da gida kuma yana kawo maka cututtukan har ƙofa.

In kana neman inda za ka fara a daminar nan, ga shi. Ka samu garke uku ko huɗu da ba sa yin nisa da rani, ka sa wa wasu maruƙa da awaki alama, ka riƙa zuwa kowane wata kana bin su waɗannan ɗin dai, kaskarsu da jininsu da zafin jikinsu, har ka haɗa damina biyu. Ka duba kajin gidan da zabi da karnuka su ma. Kuma ka sa ido a kan ƙananan kaskar nan shuɗaye, don akwai baƙuwa, Rhipicephalus microplus, da aka fara ba da rahotonta a Kodebuwa a 2007 bayan shigo da shanu daga Burazil, aka tabbatar da ita a Nijeriya a 2017. Tana korar 'yar gida ta gaje wurinta, tana saurin daina jin magani, tana ɗaukar Anaplasma da Babesia bovis. Da ido ba ka raba ta da 'yar gidan, R. decoloratus, sai ka juya bakin ka ƙirga layin haƙora, 'yar gida uku-uku, baƙuwar huɗu-huɗu. Amma R. annulatus da R. geigyi da muke da su ma huɗu-huɗu ne, don haka in ka samu wadda kake zargi ka nemo mazan su ma, ka ware su a kwalba daban, ka kai wa wanda ya ƙware ya duba sannan a tabbatar da gwajin DNA kafin ka rubuta komai.